Yamai: Me ya sa zuwa wurin aiki da safe ya zama lissafi mai wuya?

Tsakanin 2011 da 2021 birnin Yamai ya samu sababbin gadoji biyu bisa kogin Isa, da gadojin sama uku, da babbar hanya mai zuwa filin jirgin sama. Duk da haka, ma'aikacin da ba shi da mota ko babur na kansa har yanzu ba ya iya faɗin ƙarfe nawa zai isa wurin aiki, ko nawa zai kashe kafin ya isa. Wannan sharhi ya duba yadda mazauna birnin ke zaɓen hanyarsu ta safe, abin da zaɓin ke ci musu, da abin da hukumomi za su iya gyarawa ba tare da jiran manyan kuɗi ba.

Da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, bakin kwaltar da ta taso daga filin jirgin sama ta ratsa Talladje ya riga ya cika da mutane: 'yan makaranta da jakunkuna a baya, ma'aikatan gwamnati, masu gadi da suka sauko daga aikin dare, mata masu ɗauke da robobin kayan miya. Duk taksin da ya rage gudu, sai a yi ca a kansa, kowa na kiran sunan unguwar da za shi. Direba ba ya tsayawa sosai. Yakan saurara ta taga, in wurin ya yi daidai da inda fasinjojin da ke ciki suka nufa ya ɗaga kai, in bai yi ba ya taka mota ya wuce. Wanda aka bari sai ya koma gefe ya jira na gaba.

Haka abin yake a Lazare, a Kwara Tegi, a Saga, a Kirkisoye. Babu allon da ke nuna layi, babu jadawalin da ke faɗin lokaci. Duk wanda ya daɗe a birnin yana da taswirarsa a ka: ya san mahaɗar da ake samun mota da wuri, ya san wadda in ƙarfe bakwai ya wuce sai dai haƙuri. Baƙo ko sabon ma'aikaci kuwa yakan yi makonni yana makara kafin ya koyi wannan karatu, kuma babu mai koya masa sai maƙwabci ko abokin aiki.

Birni mai kwarara wuri guda

Tushen matsalar yana cikin yadda Yamai ta girma. An mayar da babban birnin ƙasa nan daga Damagaram a 1926, kuma a lokacin samun 'yancin kai a 1960 mazaunanta ba su wuce 'yan dubu gomomi ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan birnin bai daina faɗaɗa ba. Faɗaɗar kuwa a kwance take. Gidaje masu bene kaɗan ne, kowa na son filinsa da katangarsa, saboda haka duk sabon rabon filaye yana ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi nesa da tsakiya, inda haya ta fi sauƙi.

Wuraren aiki ba su bi mutane ba. Fadar shugaban ƙasa da galibin ma'aikatu suna Plateau. Babbar Kasuwa, Katako da Wadata, bankuna da manyan shaguna, da babban asibitin ƙasa, duk suna tsakiya ko kusa da ita. Masana'antu suna wajen Gamkale. Jami'ar Abdou Moumouni da asibitin Lamorde suna ƙetaren kogi, a Harobanda. Daga cikin gundumomi biyar na birnin, huɗu suna gaɓar hagu, ta biyar ita kaɗai ke gaɓar dama. Ga kuma kwarin Gunti Yena da ya raba gaɓar hagu biyu, ana ƙetare shi ta 'yan wurare ƙalilan.

Sakamakon haka, da safe kusan kowa tsakiya ya nufa, da yamma kusan kowa daga can yake fitowa. Makarantu da ofisoshi kuma suna buɗewa kusan lokaci guda, wajen ƙarfe takwas. Motar da ta shigo gari cike takan koma bayan gari da kujeru fanko, kuma direba ya san haka. Wannan ne ya sa ake ganin taksi babu kowa ciki yana ƙin ɗaukar mai zuwa unguwa mai nisa da safe: yana tsoron ya dawo babu ko sisi.

Abubuwan hawa huɗu, kowane da sharaɗinsa

Na farko shi ne taksi mai jan kai, wanda ya zama alamar birnin. Mutum huɗu yake ɗauka, kowa da inda za shi, kuma fasinjan farko ne ke yanke alƙiblar tafiyar. Ana biya da abin da ake kira “kurs”. In tafiyar ta yi nisa, ko za a sauka daga kwalta a shiga yashi, ko za a ƙetare gada, direba yakan ce kurs biyu ne, wani lokaci fiye. Amfaninsa shi ne yana iya kai mutum kusa da ƙofar aiki. Illarsa kuwa, fasinja bai san minti nawa zai tsaya kafin ya dace da mai zuwa wajensa ba, bai kuma san zagaye nawa za a yi da shi wajen sauke sauran ba.

Na biyu faba-faba, ƙananan motocin bas masu ɗaukar mutum wajen 18. Sunan daga Zabarmanci ya fito, inda “faba” ke nufin taimako ko agaji, kuma lalle sun agaji unguwannin bayan gari da taksi ba ya son zuwa. Sun fi taksi arha, suna da layin da aka sani, galibi daga unguwa zuwa ɗaya daga cikin kasuwannin tsakiya. Sai dai mota ba ta tashi daga tasha sai ta cika. Wanda ke zaune a farkon layi yana samun kujera amma yana jiran ciko. Wanda ke tsakiyar layi ba ya jiran ciko, amma motocin da ke wuce shi da safe duk a cike suke.

Na uku motocin bas na kamfanin SOTRUNI, wanda aka kafa a shekarun 1990 domin sufurin cikin birni. Su ne ya kamata su zama ƙashin bayan tafiyar safe, domin bas guda na kwashe abin da taksi goma sha biyar za su ɗauka. Amma yawansu ya daɗe bai kai ga buƙatar birnin ba, kuma bas ɗin da ba a san lokacin zuwansa ba, ma'aikaci ba ya iya dogara da shi ko da kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi.

Na huɗu kabu-kabu da keke mai ƙafa uku. A Maraɗi, Damagaram ko Birnin Ƙonni su ne sarakunan titi. A Yamai sun fi tasiri a unguwannin da kwalta ba ta shiga ba, inda suke fito da mutum daga lungu zuwa bakin hanya. Babur ba ya jiran ciko, ba ya maƙalewa a cunkoso, amma haɗarinsa ya fi na kowa, kuma ba kowace mace mai goyo ko dattijo ke iya hawansa ba.

Akwai na biyar da ba a cika ƙidaya shi ba, wato ƙafa. Ɗimbin 'yan makaranta, 'yan aikin gida, leburori da masu talla da ƙafa suke yin tafiyarsu gaba ɗaya, ko rabinta, don rage kuɗi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin haraji ba ne ga jiki.

Wace hanya ce ta fi?

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da ke haya a Talladje, tana aiki a Lamorde, kuma dole ta karɓi aiki ƙarfe takwas. Hanyoyi uku ke gabanta.

Tana iya shiga faba-faba zuwa tsakiyar gari, ta sauka ta taka kaɗan, ta nemi wata motar da za ta ƙetare gadar Kennedy. Wannan ce mafi arha, amma jira biyu ke cikinta, kuma tana bi ta inda cunkoso ya fi tsanani.

Tana iya tsayawa neman taksin da zai yarda ya kai ta kai tsaye ta gada ta biyu, wadda ta fi kusa da ɓangarenta na birni kuma ta fi faɗi. A taswira wannan ce hanya mafi ma'ana. Amma taksin da ke da fasinjoji masu zuwa Babbar Kasuwa ba zai karkata ba, wanda babu kowa ciki kuma zai nemi kuɗin da zai rufe masa kujerun da ba a zauna ba. Ran da ta dace, ta isa da wuri. Ran da ba ta dace ba, ta ɓata rabin sa'a a tsaye, sannan ta koma ga hanyar farko a makare.

Tana kuma iya yin yarjejeniyar wata da wani direba ko mai babur, ita kaɗai ko tare da maƙwabta biyu ko uku masu aiki a Harobanda, ya riƙa zuwa ɗaukarsu a lokaci tsayayye. Ya fi tsada, kuma ran da motarsa ta lalace duk sun shiga uku, amma a yawancin ranaku sun san ƙarfe nawa za su isa.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda aikinsu ba ya yafe makara, irin malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na banki, ba hanya mafi gajarta suke nema ba. Suna neman wadda ba ta ba da mamaki. Tafiyar minti 50 kullum ta fi musu wadda yau minti 25 ce gobe sa'a guda da kwata, domin mai irin wannan hanya dole ya fito kullum kamar yau ce mummunar ranar. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma a Yamai lafiyar hanya ita ce sanin lokacin isa.

Daga nan ne dabarun da mazauna birnin suka ƙirƙiro suka samo asali. Wasu kan taka baya zuwa farkon layi don su samu kujera, ko da hakan na nufin tafiyar minti goma a kishiyar inda za su. Wasu kan raba tafiya biyu da gangan: maimakon su kira sunan unguwa mai nisa direba ya ƙi, sai su kira wata mahaɗa da kowa ke zuwa, daga can su sake shiga wata. Wasu sun gano cewa fita minti ashirin kafin cunkoso ya fara yana rage musu fiye da minti ashirin a hanya, shi ya sa ake ganin ma'aikata zaune a teburin mai shayi kusa da ofis tun kafin a buɗe ƙofa. Kowa kuma ya san a tanadi canji tun dare, domin miƙa jika biyu ko biyar da sassafe na iya jawo jayayya ko tsayawa neman canji a gidan mai.

Waɗannan dabaru suna aiki, amma ba kowa ke iya su ba. Uwar da sai ta shirya yara ta kai su makaranta ba ta da zaɓin fita da asuba. Budurwar da ke zaune a unguwar da babu fitilun titi ba za ta taka zuwa bakin kwalta cikin duhu ba. Mai naƙasa ba ya iya rige-rigen shiga mota. Tsarin da ke saka wa mai ƙarfi da mai sammako yana hukunta waɗannan kullum.

Kogi, gada da damina

Shekaru arba'in, daga 1970 zuwa 2011, gadar Kennedy ita kaɗai ce ta haɗa gaɓoɓin biyu, da layi ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, motoci da babura da amalanke da raƙuma duk a kanta. A 2011 aka buɗe gadar Abota ta Sin da Nijar daga ƙasa, a 2021 kuma gadar Janar Seyni Kountché daga sama, wajen Gudel. Sun rage nauyi ƙwarai, musamman na manyan motoci da masu motar kansu.

Ga fasinjan motar haya kuwa sauyin bai kai haka ba. Mai motar kansa yana zaɓen gadar da ta fi sauƙi. Direban haya yana zaɓen gadar da ta fi fasinja, kuma tsohuwar gada ce ke sauka kusa da tsakiyar gari a wannan gaɓa, kusa da jami'a a waccan. Muddin ba a shata layukan da za su bi ta sababbin gadojin aka kuma tabbatar da mota a kansu a kai a kai ba, fasinja ba zai je ya tsaya can ba, direba ma ba zai bi hanyar da babu mai tsayuwa ba. Kowane na jiran ɗaya ya fara.

Damina tana rikita lissafin gaba ɗaya. Ruwan dare guda na iya mai da titin ƙasa tafki, taksi ya ƙi shiga, kuɗin babur ya tashi. A 2020 kogin ya ɓalle madatsar kariya ta wajen Lamorde, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Harobanda. A watan Agustan 2024 ruwan sama ya katse manyan hanyoyin shiga birnin na wasu kwanaki. Waɗannan manyan al'amura ne da kowa ya gani. Ƙananan da ba a ba da labarinsu, irin kwalbatin da ya toshe ko ramin da ya sa motoci suka koma layi ɗaya, su ne ke cin lokacin ma'aikaci daga Yuni zuwa Satumba.

Abin da tafiyar ke ci

Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne a wata. A ɗauki sefa 200, wato dala arba'in, farashin da aka daɗe ana sanin kurs guda da shi. Ma'aikacin da tafiyarsa kurs biyu ce zuwa, biyu dawowa, yana kashe sefa 800 a rana. Cikin kwanakin aiki 22 ya kama 17,600, fiye da kashi 40 cikin ɗari na wannan albashi. In yana aiki kwana shida a mako, kamar yaran shago da masu gadi, kuɗin ya kai 20,800, kusan rabi ke nan. Wannan kuwa kafin a sa kuɗin motar yara zuwa makaranta, kuma bisa zaton direba bai nemi ƙari ba.

Lokaci ma kuɗi ne. Wanda ke ƙara sa'a guda a rana saboda jira da sammakon dole yana asarar sa'o'i 22 a wata, kusan kwana uku na aiki. Malamin da ya makara rabin sa'a, ajinsa duka ne ya yi asarar rabin sa'a. Akwai kuma asarar da ba a gani: matashin da ya ƙi karɓar aiki a ɗaya gefen birni saboda albashin ba zai biya mota ba, ko ɗalibar da aka cire daga makarantar da ta fi kyau aka mai da ta ta kusa da gida.

Ba abin mamaki ba ne da duk wanda ya ɗan samu sarari abin da yake fara saye shi ne babur. Ga shi kansa shawara ce mai kyau. Ga birni kuwa, kowane sabon babur ƙarin cunkoso ne da ƙarin haɗari, kuma fasinja ɗaya ne ya fita daga motar haya, abin da ke ƙara wa waɗanda suka rage tsawon jiran ciko.

Direba ma yana da nasa lissafin

Yana da sauƙi a ɗora laifin duka kan direbobi, amma wannan barin jaki ne a bugi taiki. Direbobi da yawa ba su ne masu motocin ba. Kowace rana sai sun kai wa mai mota kuɗin da aka yanka, sun sayi mai, sannan abin da ya saura ya zama nasu. Wanda ke aiki da wannan sharaɗi ba zai tashi da rabin mota don ya cika alƙawarin lokaci ba, ba zai kuma je unguwar da zai dawo fanko ba. Ƙin ɗaukar fasinja, cusa mutane fiye da kima da gudun rige-rige duk daga wannan yarjejeniya suke fitowa.

Shekarun nan sun ƙara matse su. Motocin hannu da kayan gyara sun saba shigowa ta tashar Kwatano, amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. A Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, abin da ya ɗan sassauta. Sai dai a Maris 2025 ƙarancin fetur ya jefa ƙasar cikin dogayen layuka a gidajen mai. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a 2023 ya sa fetur mai arha da ke shigowa ta bayan fage ya ja baya, buƙata ta koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ba ta iya ɗaukar nauyin duka. A waɗannan kwanaki taksin da ya kwana a layin mai bai fito aikin safe ba, kuma birnin ya ga yadda sufurinsa ya rataya ga dubban ƙananan motoci masu shan mai da yawa a kan kowane fasinja.

An gina hanya, ba a gina sufuri ba

Gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018, da babbar hanyar filin jirgi da aka yi gab da taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, duk sun sauya fuskar Yamai, kuma sun sauƙaƙa wucewar motoci a wuraren da a da ake cushewa. Amma an tsara su ne don mota ta wuce da sauri, alhali matsalar mafi yawan mazauna birnin ita ce samun motar da za su shiga. Hanya mai faɗi ba ta rage wa mai tsaye a bakinta ko minti ɗaya na jira. Wani lokaci ma takan ƙara masa wahalar ƙetarawa.

Layin dogon Yamai zuwa Doso, wanda aka kammala shimfiɗawa a 2016, wani darasi ne. An gina tasha, an shimfiɗa ƙarfe ya ratsa kudu maso gabashin birnin, amma jirgin fasinja bai taɓa zama abin hawan yau da kullum ba. Gini abu ne da ake buɗewa da biki rana ɗaya. Sufuri aiki ne da ake maimaitawa kowace safiya, yana buƙatar kuɗin gyara, direbobi masu albashi da hukumar da ke bin sawu.

Abin da maƙwabta suka gwada

Idan ana maganar gyaran sufuri a yankin, Dakar ake fara ambata: jirgin TER da ya fara aiki a Disamban 2021 tsakanin Dakar da Diamniadio, da layin BRT na motocin lantarki da aka buɗe a 2024, mai tsawon kilomita 18 da tashoshi 23 tsakanin Guédiawaye da Petersen, wanda aka tsara don rage tafiyar daga kimanin minti 90 zuwa 45. Waɗannan ayyuka sun ci ɗaruruwan biliyoyin sefa, da hannun Bankin Duniya da sauran masu ba da rance, kuma a halin da baitulmalin Nijar ke ciki ba abin da za a kwaikwaya gobe ba ne.

Darasin Dakar da ya fi dacewa da Yamai ya girmi waɗannan. Tun 1997 aka kafa hukuma guda, CETUD, mai kula da tsarin sufurin birnin. Daga 2005 aka tara masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi ƙarƙashin AFTU, suka miƙa tsofaffin motocinsu, aka ba su sababbin ƙananan bas bashi suna biya sannu a hankali. Sharaɗin shi ne su bi layi mai lamba, su tsaya a tashoshin da aka ware, su ba da tikiti. Ba a kori masu sana'ar ba, an sauya dokar wasan ne. Legas ma da ta buɗe layin BRT na farko a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, ta ware wa bas layinsa a kan titin da ke akwai, ta kuma sa ƙungiyar direbobi cikin masu gudanarwa. A Nairobi kuwa, a 2014, masu bincike da ɗalibai sun fitar da taswirar layukan motocin matatu bayan sun bi su ɗaya bayan ɗaya da wayoyin salula.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko shi ne a rubuta abin da ke akwai. Layukan faba-faba suna nan, direbobi da 'yan kamasho sun san su. Ɗaliban sashen labarin ƙasa na jami'a za su iya bin su su zana taswira, ma'aikatar magajin gari ta ba kowane layi lamba da launi, a liƙa a jikin mota da tashoshi, tare da farashi. Lamba da launi suna da amfani na musamman a birnin da ba kowa ke karanta Faransanci ba.

Na biyu, a tattara motocin bas ɗin da ake da su kan layuka biyu ko uku masu yawan jama'a maimakon a warwatsa su ko'ina. Bas da ke zuwa kowane minti goma sha biyar a layi guda ya fi amfani da wanda ke zuwa sau biyu da safe a layuka goma, domin na farkon ne kawai mutum zai iya tsara ranarsa a kai.

Na uku, a buɗe layukan da ke haɗa unguwa da unguwa ba tare da shiga tsakiya ba, musamman ta gada ta biyu da ta uku. Tunda direba ba zai fara da asara ba, sai hukuma ta ɗauki wani ɓangare na kasadar a watannin farko, ko da ta hanyar rangwamen haraji ko kuɗin tasha ga waɗanda suka yarda su tashi a kan lokaci, mota ta cika ko ba ta cika ba.

Na huɗu, a kan manyan tituna masu faɗi a ware layi ɗaya ga motocin haya daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas da rabi. Fenti da 'yan sandan hanya yake buƙata, da kuma ƙarfin halin hana manyan motocin alfarma shiga. Na biyar, a raba lokutan buɗewa, ta yadda makarantu, ofisoshin gwamnati da bankuna ba za su kira kowa a minti guda ba. Tazarar rabin sa'a na ba mota ɗaya damar yin sawu biyu.

Babu ɗaya cikin waɗannan da zai tafi babu gardama. Ƙungiyoyin direbobi za su ji tsoron a rage musu abinci, masu motoci za su ƙi a taɓa kuɗin da ake kawo musu kullum, iyaye masu kai yara makaranta kafin su wuce ofis za su ce sabon lokaci ya rikita su. Akwai kuma tambayar wa ke da iko, tunda sufurin birni ya rabu tsakanin ma'aikatar sufuri, hukumar birni da 'yan sanda. Shi ya sa Dakar ta fara da kafa hukuma guda shekaru da yawa kafin ta sayi bas na lantarki.

Ma'aunin nasara kuma ba shi da wuyar ganewa. Ba sai an ƙirga kilomitocin kwalta ba. A tambayi ma'aikaciyar jinyar Talladje ƙarfe nawa za ta isa Lamorde gobe, kuma nawa za ta biya. Ranar da ta iya ba da amsa ba tare da ta ce “sai yadda ta yiwu” ba, ranar ce Yamai ta samu sufurin jama'a.